Adon Ista da kayan zaƙi a tsakiyar zafin bazara

Wata 'yar'uwa daga Kaduna, malamar makarantar Lahadi, ta aiko da tambaya. Ta ce yaran ajinta sun kai talatin. Kullum tana ganin hotunan adon Turawa na Ista, bikin tashin Almasihu, a waya, ƙwai kala-kala, zomaye, furanni, kek mai siffar sheƙar tsuntsu, tana kuma so bana ta yi wani abu makamancin haka da yaran. Bara ta sayi ƙwan cakulan mai tsada a babban kanti, kafin a tashi sujada duk ya narke a jaka. Tana tambaya me za ta iya yi da hannunta, da kayan kasuwarmu, wanda zai jure zafi kuma ba zai cinye mata albashi ba.

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara miki ƙarfi. Riƙe yara talatin ba ƙaramin aiki ba ne. Na fi shekara ashirin ina gashin kek da koyar da girki a Jos, kuma Ista uku na yi a Jamus wurin 'yata, don haka na ga wannan ado a gidansa, na kuma sha gwada shi a namu gidan.

Narkewar cakulan ɗin nan ba sakacinki ba ne. Man koko da ake yin cakulan da shi yana narkewa ne a wajen digiri 34, ke kuwa kin san ranar Kaduna a watan Afrilu tana wuce haka tun kafin azahar. Haka kirim ɗin bota da ake shafe kek da shi. Waɗannan abubuwa an yi su ne don wani yanayi dabam, kuma daga nan ya kamata mu fara.

Ista ba ta da tsayayyar rana. Ƙa'idar da ikkilisiya ta zauna a kai, wadda ake danganta tushenta da taron shugabannin ikkilisiya a garin Nikiya na shekarar 325, ita ce Lahadin farko bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris. Shi ya sa a kalandarmu ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. Ta 2026 ranar 5 ga Afrilu ce, ta 2027 kuwa 28 ga Maris. A Turai wannan lokaci ne da ƙanƙara ta narke, yini ya fara tsawo, kaji suka koma yin ƙwai sosai, tumaki suka haihu, furanni suka ɓullo daga ƙasar da ta yi wata da watanni kamar matacciya. Duk abin da kike gani a hotunan nan, ƙwai, ɗan rago, koren ciyawa, furen rawaya, abin da ke bakin ƙofarsu ne suka ɗebo suka shigo da shi ɗaki. Masu fassara kan kira wannan lokaci nasu bazara, amma ba irin bazararmu ba ce. Tamu zafi ce, da gumi, da hadarin da zai haɗu ya watse ba ɗigo. Sai dai ki duba da kyau in kin fito gobe da safe. A wannan zafin ne itatuwa suke fitar da sabon toho tun ruwa bai sauka ba, a lokacin ne mangwaro yake cika kasuwa, alkamar rani ma an girbe ta. Mu ma muna da abin ɗeba a bakin ƙofa. Shawarata duka a kan wannan take: ki gane abin da kowane ado yake nufi a can, ki yi shi da abin da bazararmu ta ba ki.

Ƙwai shi ne babba. A Turai ta dā, cikin azumin kwana arba'in da ke gaban Ista ba a cin nama, ba a cin ƙwai. Kaji kuwa ba su san da azumi ba, suna ta zubawa. Sai a dafa don kada ya lalace, a rina, ranar Ista a ci a kuma yi kyauta da shi. Aka ɗauki ɓawon a matsayin kabarin da aka rufe, fasa shi kuma fitowar rai. Ƙwan cakulan baƙo ne na baya-bayan nan: kamfanin Fry na Biristol ya fitar da nasa a 1873, Cadbury ya biyo a 1875. Ke da za ki dafa ƙwan kaza ki rina, kin fi kusa da asalin abin fiye da mai shiga kanti. Zomo kuwa tatsuniyar Jamusawa ce, wai shi yake ɓoye wa yara ƙwai a lambu. Wani likitan Jamus ya ambace ta a rubuce a 1682, daga baya Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Fensilbaniya suka kai ta Amurka. Ba ta da alaƙa da labarin tashin Almasihu. Ba na ganin laifinta a matsayin wasan yara, amma a ajin makarantar Lahadi ni ba zan ɓata mata lokaci ba.

Yanzu rini. Abu na farko da hotunan waya ba za su gaya miki ba shi ne, ƙwan da suke rinawa fari ne fat, namu na gidan gona kuwa yawanci ɓawonsa ruwan ƙasa ne. Rini a kan ƙwai kamar rini a kan yadi ne, launin ƙasa yana haɗuwa da na sama. Rawaya ba ta fita a kan ƙwan gidan gona, shuɗi kuma yakan koma kore mai duhu. In kina son launi mai haske, ki nemi ƙwan kajin gida ko na agwagwa, sun fi fari. Na agwagwa yana da wani santsi kamar kaki a jikinsa, sai kin goge shi da tsumma da khal kafin ya karɓi rini.

Amma akwai rinin da ya fi kyau a kan ƙwan namu fiye da fari, shi ne ɓawon albasa. Ki je wurin mai albasa a kasuwa ki roƙi busasshen ɓawon da ke zube a ƙasan buhu, da wuya ya karɓi kuɗinki. Cikin hannu biyu cike, sau biyu, ya isa lita ɗaya ta ruwa. Ki wanke ƙurar, ki tafasa minti talatin har ruwan ya koma kamar shayin da ya daɗe a wuta, ki tace, ki zuba farin khal cokali biyu manya, ki bar shi ya huce. Khal ɗin yana ɗan cin fuskar ɓawon ƙwan ne don rinin ya sami wurin kamawa. In babu, ruwan lemon tsami yana yi. Sai ki jera wankakken ɗanyen ƙwai a ciki, ki mayar wuta, ya tafasa a hankali minti goma sha biyu zuwa sha biyar. Ki sauke ki bar shi a ruwan ya ƙara jiƙa. Zai fito ja mai duhu kamar goro ɗan ja da aka goge. In ya bushe ki ɗiga man gyaɗa a tsumma ki murza shi, za ki ga yana ɗaukar ido. Da irin wannan ɓawon ne matan Girka na dā suke rina jan ƙwansu ranar Alhamis ta kafin Ista, jan yana tuna jinin Almasihu. A arewacin Ingila ma da shi suke naɗe ƙwai su dafa.

Ga inda yara za su sa hannu. Kafin a dafa, a jiƙa ƙwan, a manna masa ɗan reshen ganyen zogale, irin mai ƙananan ganye biyar ko bakwai, ko ganyen karas mai kama da leshi. A shimfiɗa ganyen sosai da yatsa, kada ya naɗe. Sai a ɗauki guntun tsohuwar safar mata mai shara-shara, ko farin yadi mara kauri, a naɗe ƙwan tamau, a ɗaure da zare ta baya. Ɗaurin nan shi ne sirrin: in ya yi sako-sako rini zai shiga ƙarƙashin ganyen, zanen ya ɓace. Bayan an dafa an yanke safar, an ɗaga ganyen da farce, sai ga hotonsa a kwance a jikin ƙwan, har jijiyoyinsa, haske a kan ja. Na sha ganin yara sun yi tsit a daidai wannan lokaci, kowa ya zuba ido a kan nasa. Don Allah kada a yanki gidan sauro don wannan naɗi, ko da tsoho ne, akwai maganin ƙwari a jikinsa, kuma wannan abin ci ne.

Karan dafi, wato jan kuben dawar nan da dukawa suke rina fata da shi, wanda 'yan'uwanmu na Gana suke sa wa shinkafa da wakensu, shi ma yana ba da ja mai kyau ta wannan hanya. Kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, cokali biyu a rabin lita, yana ba da rawaya a kan farin ƙwai, kuma yana kama hannu da kaya, a sa wa yara tsofaffin riguna. Jan kabeji, wanda muke samu a nan Jos, abin mamaki ne: ki yanka rabin ƙulli ki tafasa, ruwan zai fito shunayya, amma ƙwan da ya kwana a ciki shuɗi zai fito kamar sararin sama. Wannan sai an dafa ƙwan dabam, a jiƙa shi a ruwan da ya huce, ya kwana a firji. Zoɓo ne yake yaudarar mutane. Kowa yana zaton ja zai bayar. Shekarar da na fara gwadawa na jiƙa ƙwai ashirin na bar su suka kwana, da safe na tarar da su toka-toka mai duhu, fuskar ɓawon tana saɓulewa a hannu, domin tsamin zoɓo ya ci ta. In za ki yi da zoɓo, kada ki ƙara khal, kada kuma ya wuce awa ɗaya a ciki, ki karɓi launin da ya ba ki, yana da nasa kyau.

Maganar da ba na so ki manta: dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa, domin dafuwa tana wanke rigar da ke toshe ƙofofin ɓawon. Ƙa'idar masu kula da lafiyar abinci ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. A firji yana kai mako. Da yake wutarmu ba abin dogaro ba ce, ƙwan da yara za su ci ki dafa shi da asubar Lahadin, ko daren Asabar in kina da kula da ƙanƙara. Wanda ya tsage a tukunya a cinye shi a gida nan take. Kada a zana wa ƙwan ci komai da baƙin lallen kanti ko fenti. Yara ne, cikinsu ba ya ɗaukar abin da na babba zai ɗauka.

In an zo ci, ki koya musu wasan Girkawa. Mutum biyu kowa da ƙwansa, ɗaya ya ce Almasihu ya tashi, ɗayan ya amsa hakika ya tashi, sai su gwara tsinin ƙwan. Wanda nasa bai fashe ba ya nemi na gaba. Yaranmu ba sa bukatar dogon bayani a nan, sun saba gwara ƙwai wurin mai talla.

Ƙwan ado da zai daɗe kuwa, fanko ake yi. A huda tsinin da allura, a huda gindin ya ɗan fi faɗi, a zura tsinke a fasa gwaiduwar, sai a tura iska da sirinji ta ƙaramin ramin, ruwan ya fito ta babban. Babba ne zai yi wannan, kada yara su sa baki a ɗanyen ƙwai. A ɗauraye cikin da ruwa da ɗan khal, a kife ya bushe kwana ɗaya. Ruwan ƙwan kuma ki tara a kwano, na kek ɗin da zan gaya miki ne, ba abin da za a zubar. Don ratayewa, ki karya tsinken ashana biyu, ki ɗaura zare a tsakiyar guntun, ki zura shi ta ramin. Da ya shiga zai gitta, ba zai fito ba. Jamusawa suna rataya irin wannan a reshen itace. A garin Saalfeld wani dattijo mai suna Volker Kraft da iyalinsa sun fara rataya ƙwai 18 a itacen tufa na gidansu a 1965, suna ƙarawa kowace shekara har suka kai 10,000 a 2012, mutane suna zuwa kallo daga nesa. Ke busasshen reshe ɗaya mai rassa da yawa ya ishe ki. Ki kafa shi a tulu ko gwangwani cike da yashi, kowane yaro ya rataya nasa da sunansa a jiki.

A kan fankon za ki iya gwada aikin kaki na mutanen Yukren, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2024. Dabarar ɗaya ce da ta masu ɗaure yadi kafin a jefa shi marina: inda aka kare, rini ba ya shiga. Ki soka allura mai kai a gindin fensir, ki narka kakin zuma a murfin gwangwani, ki tsoma kan allurar, ki ɗiga a jikin ƙwan ki ja da sauri. Kowane ja yana ba da siffar ɗigon hawaye. Ki jera su zagaye su zama rana, ko fure, ko gicciye. A jiƙa a rini mai sanyi, domin mai zafi zai narka kakin. In ya bushe a kara shi gefen harshen kyandir, a goge da tsumma. Wannan na manyan yara ne, 'yan shekara goma zuwa sama, kuma kina tsaye a kansu. 'Yan matan da suka iya zanen lalle za su ba ki mamaki a nan.

Amma da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak a yi da yara talatin, ba ƙwai zan zaɓa ba, lambun Ista zan zaɓa. A majami'un Ingila ake yinsa: ɗan ƙaramin lambu a faranti, da kabari da dutse a bakinsa. Ki sami babban faranti ko tsohon tire mai ɗan zurfi. Ki kwantar da ƙaramar tukunyar ƙasa a gefenta, bakinta yana kallon gaba, ita ce kabarin. Ki rufe bayanta da samanta da ƙasa mai taki har ta zama tudu. A kan tudun a kafa gicciye uku na tsinke da aka ɗaure da zare. A nemo dutse mai faɗi wanda zai rufe bakin tukunyar, a yi 'yar hanya da tsakuwa. Sai shuka.

Alkama za ki saya wurin masu hatsi, tsaba wadda ba a ɓarza ba, ta ci, ba irin shukar da aka yi wa jan magani ba. Ki jiƙa ta daren Juma'a, ki tsane ranar Asabar ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ranar Lahadin Dabino za ki ga ta fara fitar da farin baki. Ranar ce yara za su yayyafa ta a kan tudun, da kauri, tsaba kusa da tsaba, a barbaɗa ƙasa kaɗan a sama. A ajiye a inuwa inda haske ke shiga, a yayyafa ruwa safe da yamma da hannu, kada a kwarara. A kife da kwando saboda kaji da ɓeraye. Cikin kwana bakwai, ranar Ista ke nan, tudun da suka bari baƙar ƙasa zai zama kore shar, tsawon yatsa ko fiye. Ki gwada 'yar kaɗan tun mako biyu kafin lokacin, domin tsohuwar alkama takan ƙi tsirowa. In ta ƙi, gero yana yi, ya ma fi jure zafi. Dawa ce ba na so, tohonta yana da dafin da ke kashe awaki, manoma sun san wannan. Yaran Finlan suna shuka ciyawa a kwano kafin Ista, mutanen Iran ma suna tsirar da alkama a sabuwar shekararsu ta watan Maris. A wurinmu kuwa darasin yana nan a Yohanna 12:24, inda Yesu ya yi misali da ƙwayar alkamar da sai ta faɗi ƙasa ta mutu sannan take ba da 'ya'ya masu yawa. Yaron da ya binne tsabar da hannunsa ya dawo ya ga abin da ta zama, ba sai kin yi masa dogon wa'azi ba. In kina so kowa ya tafi gida da nasa, rabin ɓawon ƙwai tukunya ce: ƙasa cokali ɗaya, alkama 'yar kaɗan, a jera talatin a kiret ɗaya.

Furanni ba zan tsaya a kansu ba. Irin nasu na rawaya da tulif sai sun sha sanyin hunturun Turai suke fure, ba za su yi a Kaduna ba. Furen nan mai kama da takarda da ke hawa katanga, ja da shunayya, a rani yake cika, ki yanko ki sa a tulu. Sheƙar ƙwai kuma faifai ne ko ɗan kwandon kaba da busasshiyar ciyawa a ciki. Fure dai kada a ɗora shi a kan abinci in ba a san shi ba, da yawa daga furannin ado guba ne.

Mu koma madafa. Sheƙar tsuntsun da kika gani, su da cakulan suke yi. Ke kwakumeti za ki yi, ya ma fi kama da sheƙa. Ki goge kwakwa ɗaya a gefen magogi mai manyan ƙofofi don ta fito dogaye. Ki narka sukari rabin kofi da ruwa kaɗan, in ya fara danƙo ki zuba kwakwar, kina juyawa a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ruwan zuma. Tun da zafinta ki ɗiba ki zuba a ramukan tandar waina da kika shafa wa mai, ki danna tsakiya da bayan cokali. Hannu da sauri, domin da ta huce ba ta lanƙwasuwa. Kwakwa ɗaya takan ba da takwas zuwa goma. Ƙwan cikin sheƙar kuma tuwon madara ne: sukari rabin kofi, ruwa rubu'in kofi, a dafa har ya yi danƙo, a sauke, a zuba madarar gari wajen kofi biyu ana tuƙawa. Tun da ɗuminsa a mulmula ƙanana, a ɗan tsinana gefe ɗaya. A raba uku, ɗaya fari, ɗaya da ɗan kurkum a bakin cokali, ɗaya da ɗigon zoɓo mai kauri. Uku-uku a kowace sheƙa. Waɗannan ba ruwansu da rana, za ki iya yinsu tun ranar Alhamis ki rufe a roba mai murfi.

Na ranar Juma'a mai tsarki kuwa, Ingilishi suna da ɗan burodi mai zaƙi da gicciye a kansa. Fulawa giram 500, wato wajen kofi huɗu, yis ƙaramin cokali biyu, sukari giram 75, bota giram 50, madara mai ɗumi mililita 300, ƙwai ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, garin kirfa da citta da ɗan kanumfari. Su zabibi suke sawa. Ni dabino nake yankawa ƙanana, kofi ɗaya, ya fi araha, kuma ya fi daɗi a bakina. A murza minti goma, a rufe ya tashi. Littattafansu za su ce awa ɗaya ko fiye, amma a zafinmu minti arba'in ya ninka, in kika bar shi ya zarce zai yi tsami ya faɗi. A raba goma sha biyu, a jera kusa da juna, su sake tashi. Gicciyen fulawa ce cokali biyar da ruwa, a dama da kauri kamar kunun da ya kwana, a zuba a leda a yanke kusurwa a ja layi. Digiri 200, minti ashirin. Da an fitar a shafa zuma. In babu obin, babbar tukunya da yashi a ƙasa tana yi: a zafafa minti goma sha biyar, a ɗora farantin a kan duwatsu uku don kada ya taɓa yashin, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin don saman ya yi ja. Kada a buɗe kafin minti goma sha biyar.

Kek na ranar Lahadi, na karas nake ba ki shawara, domin da mai ake yinsa, ba bota ba, yana kwana uku da laushinsa. Ƙwai huɗu daga waɗanda kika hura, sukari giram 200, man gyaɗa mililita 200, fulawa giram 250, bakin hoda ƙaramin cokali biyu, kirfa, gogaggen karas giram 300, soyayyar gyaɗa da aka daddaka cikin hannu ɗaya. A kaɗa ƙwai da sukari, a zuba mai, a zuba busassun kaya, karas a ƙarshe. Digiri 180, wajen minti arba'in da biyar, har tsinke ya fito a bushe. Ruwan ƙwan da aka hura ba ya jira, a yi kek ɗin ranar da aka hura. Maimakon kirim, garin sukari da ruwan lemon tsami kaɗan, a kwarara a sama ya bushe. Sannan ki aro wata al'adar Ingilishi daga kek ɗinsu na Ista mai suna simnel: suna jera ƙwallaye goma sha ɗaya a kansa, manzanni ke nan ban da Yahuza. Ki yi naki da ragowar tuwon madara, ki tambayi yaran me ya sa ba su cika goma sha biyu ba.

Mangwaro kuma ba ya bukatar dabara. Mai aure, mara zare, wanda ya nuna sosai, a markaɗa, a haɗa da kindirmo daidai wa daida, a ɗura a ƙananan leda a daskarar, a kawo a kula. Bayan sujadar awa uku a wannan zafi, shi yaran za su fara miƙa wa hannu. In kina son abin da ƙasarmu ta riga ta saba, akwai firijon na mutanen Legas, wanda zuriyar bayin da suka dawo daga Barazil suka kawo: baƙin wake a dafa ya yi luguf, a markaɗa a tace, a dafa da madarar kwakwa da kanumfari da ɗan sukari. Ranar Juma'a mai tsarki suke shansa da gari da kifi. Madarar kwakwa ba ta yini a zafi, a sha da ɗuminsa.

Ki yi da yawa yadda za ki aika wa maƙwabta, kamar yadda suke aiko mana da naman layya da cincin ranar Salla. Duk abin da na lissafa babu giya a ciki, babu abin da zai sa maƙwabciya Musulma ta yi shakka, kina iya gaya mata haka da bakinki.

Daren Asabar ki koma wurin lambun ke kaɗai. Ki gusar da dutsen gefe, ki ninke ɗan farin ƙyalle ki sa a cikin tukunyar. Da safe ki ajiye farantin a ƙasa a tsakiyar aji, inda ƙanana za su iya durƙusawa su leƙa, ki bar su su gano da kansu kafin ki buɗe Littafi. Bayan biki alkamar ta zama ta kaji. Ɓawon albasa kuwa ki fara tarawa tun yau, ƙwai talatin zai ci lita uku na rini.